Ramin Bayan Gidan Lami

Shin Saja ya yarda da maganar ramin nan, ko kuwa don hankalina ya kwanta ne ya shiga cikinsa? Na tambayi fasto, ya ce in bar wa Ubangiji. Na tambayi ƙanensa da ke Danko, ya ce tun suna yara ɗan'uwansa bai taɓa tsoron komai ba sai ƙudan zuma. Ni da na zauna da shi tun ina budurwa har kaina ya yi fari, ban sani ba. Ki rubuta, Rifkatu, ke kika yi makaranta. Kada ki tsaya don ina kuka, haka zan yi ta yi har mu gama.

Mijina tsohon soja ne, shi ya sa duk Zuru ake kiransa Saja, har ni. Shi kuma 'Yar Manga yake ce mini, don a Manga aka haife ni. Can ya yi golmo a gonar mahaifina, wato noman da saurayi ke yi wa suruki shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Da ya ajiye kaki sai ya koma gini da noma. 'Yarmu Lami aikin jinya take yi a Amurka, tana can da mijinta Ishaya. Ta yi ɓari sau biyu. Da ciki na uku ya zauna sai suka aiko mu je, ni don jego, shi don kada in ɓata a hanya. A shekarun da wayar hannu ta fara cika kasuwar Zuru ne.

Zangonmu na farko wani filin jirgi ne a ƙasar Turai, inda aka sauke mu aka ce mu nemi wani jirgin. Mutane na gudu, ba mai kallon wani. Saja ya yi ta nuna takardunmu da Turancinsa na bariki, kowa ya nuna masa wata hanya dabam. Ƙafata ta gaji, na jingina da bango na ce wayyo. Sai na ji an ce, "Sannu, Mama." Wata mai shara ce, 'yar Gana, ta tashi a zangon Hausawa. Ta ajiye tsintsiyarta ta kai mu har bakin ƙofar da muke nema, ta sayo mini shayi. Ban tambayi sunanta ba.

A Amurka kare aka kawo ya shinshina kayana. Suka ciro kilishi da irin dawar da na ƙulle wa Lami, suka jefa a kwandon shara ina kallo. Na buɗe baki, Saja ya taɓa ni.

"Bar su, 'Yar Manga. A bakin iyaka ba a gardama da mai kaki. Ni ma na yi wa wasu haka."

Sunan garin su Lami bai taɓa zama a bakina ba. Gidaje ne a jere, duk iri ɗaya, ba katanga, ciyawa a aske kamar kan soja. Ba akuya, ba kaza, ba mai sallama. Na ce wa Saja unguwar nan kamar an yi rasuwa an hana kuka. Ya ce in jira in ga yadda ake cin abinci kafin in kushe gari.

Washegari da safe na zuge ƙofar gilashin da ke bayan gida, ina neman inda zan shanya zane. Nan na gan shi. Rami ne mai kusurwa huɗu, dogo, tun daga gindin bango. An kafa turaku an ja igiya a kewayensa. Kusa da gida bai fi taƙi ba, amma can ƙarshe, inda ƙasa ta yi tudu, ya kai gwiwa. An tara jar ƙasa a gefe, ja irin ta gida. Ruwan sama ya kwanta a ciki, ganye na yawo a kai.

Na kira Ishaya na ce, "Wa ya rasu?"

Ya yi dariya. Ya ce daɓen duwatsu zai yi, irin bulon nan da ake jerawa a ƙasa, a samu wurin zama a waje, a yi taron suna a kai. Mutumin da ya ɗauka aikin ya haƙa, ya karɓi abin da ya karɓa, ya tafi, ya daina ɗaga waya. Ramin ya daɗe a haka.

A gidanmu na Manga ba a barin rami ya kwana a buɗe. Ko ƙasar gini aka ɗiba, sai an mayar da wani abu ko a rufe da itace kafin rana ta faɗi, balle in akwai mai ciki a gidan. Uwata takan ce ƙasar da aka buɗe jira take yi. Ina yarinya aka haƙa ramin rumbu a gidan kawuna aka bar shi saboda ruwan sama, matarsa ta rasu wajen haihuwa a makon. Na san mata na mutuwa a haihuwa ko ba rami. Amma na ga wannan da idona.

Na sami Saja yana aske gemu, na faɗa masa.

"Ke da kike gaba-gaba a zumuntar mata, ke ce da wannan magana? In fasto ya ji sai ya karɓe tulun kiɗan nan daga hannunki."

"Tagar ɗakin Lami a kansa take."

"Ni na kwana a ramuka a daji lokacin yaƙi. Ga ni ina cin tuwo."

"Kai ba ka da ciki."

Ya shafa tumbinsa ya ce, "Kin duba da kyau?"

Ban yi dariya ba. A makon nan Lami ta dawo daga awo, fuska da ƙafa a kumbure. Likita ya ce jininta ya hau, ta bar aiki ta kwanta, abin na iya taɓa ta ko ya taɓa abin da ke cikin. Tana faɗa mana tana murmushi don kada mu tsorata. Saja ya miƙe. Ya je bakin ƙofar gilashi ya tsaya, hannu a baya, ya daɗe.

Da gari ya waye, Ishaya na fita aiki, sai na ji ƙarar shebur. Saja ne yake mayar da jar ƙasar nan cikin ramin. Bai kira ni ba, ni ma ban tambaye shi ba. Na ɗauko kwanon wanki na riƙa ɗiba ina zubawa. Kafin la'asar mun cike shi, ya tattake, ya cire turakun ya naɗe igiyar ya ajiye a tsanake. Tun da na zo ƙasar, ranar ce na ci abinci na ƙoshi.

Ishaya ya dawo ya leƙa baya, ya tsaya, ya ɗora hannu a ka. Yaro ne mai ladabi. Ya zo ya durƙusa a gaban Saja.

"Baba, ramin nan fa shi ne rabin aikin."

Ya yi mana bayani a hankali. Ba a jera duwatsun a kan ƙasa mai laushi, sai an kwashe ta, a zuba tsakuwa, a daddaɓe, a zuba yashi. Kayan duk an saya, mota na tafe da su. Masu kula da unguwa kuma sun riga sun yi masa magana a kan ya gama aikin, ba sa son gida ya zauna a hargitse. Ya ce ba komai, zai nemi wani ya sake haƙawa.

Ban taɓa ganin kunya a fuskar mijina irin ta ranar ba. Magini ne, ya san aikin. Da ya tsaya ya yi tunani da bai yi ba.

"Ni na ɓata, ni zan gyara," in ji shi.

"Haba, Baba. A ce suruki yana yi mini leburanci? Ai da a gida ne, ni ya kamata in yi maka golmo."

"Ka tsere wa golmo, ɗan bariki, an ba ka mata a faranti. To zauna ka ga yadda ake yi."

Ki rubuta wannan da kyau. Ramin farko baƙo ne ya haƙa shi, ya gudu. Na biyu Saja ne ya haƙa da hannunsa. Shi ya kafa turakun, shi ya ja igiyar, shi ya auna tsawon da ƙafarsa. Na ce ya riƙa rufe shi da wani abu da yamma, ya ce ina zai sami itacen da zai rufe fili kamar ɗaki. Wata rana da tsakar rana na kawo masa ruwa, na tarar ya miƙe a cikin ramin, can ɓangaren mai zurfi, ya rufe fuska da hula. Kofin ya kusa faɗuwa daga hannuna.

"Tashi daga nan."

"Nan ne iska ba ta dukana."

"Saja, tashi."

Ya ɗaga hular ya dube ni, ya tashi, bai yi wasa ba wannan karon.

Motar kaya ta zo. Direban ya juye tsakuwa da yashi a gaban gida, ya sauke duwatsun a bakin titi. Saja ya roƙe shi ya matsar da su baya, ya ɗaga kafaɗa ya ja motarsa. Da baro mijina ya kwashe su, ni kuma da kwano a ka. Motoci na wucewa suna rage gudu su kalli tsohuwa da kaya a kai, ba wanda ya ce sannu.

Akwai wani tsohon Bature a gidan da ke maƙwabtaka, mai ɗingishi. Kullum yana tsaye a bayan ɗan shingensa yana kallonmu, bai gaishe mu ba. Na ce 'yan sanda zai kira mana. Wata safiya sai ga shi yana turo wani inji mai faffaɗan gindi, injin daɓe. Suka yi magana da Saja, sai na ga duk sun ƙame sun sara wa juna. Ashe shi ma soja ne a da, a can ya bar lafiyar ƙafarsa.

"Kofur ne," in ji Saja. "Na girme shi. Dole ya ba ni inji."

Daga ranar Kofur muke kiransa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa na nesa. Na riƙa zuba masa miyar kuka, yana ci yana share hawaye saboda yaji, yana miƙo kwano.

Suka shimfiɗa wani baƙin ƙyalle a gindin ramin, wai don kada ƙasa ta haɗiye tsakuwa. Ban so ganinsa ba. Suka zuba tsakuwa kaɗan-kaɗan, a zuba a bi da inji, a sake zubawa. Injin nan yana girgiza mutum har haƙora. A nan na fara lura da leɓen Saja yana yin toka-toka. In ya tura baro sai ya tsaya ya dafa shinge kamar yana duba aiki, alhali numfashi yake nema. Takalminsa ya daina shiga sai ya take baya.

Lami ma ta gani ta taga. Ta kira shi sama, ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Ni za ka yi wa wayo? Aikina ne. In ka sake taɓa shebur, zan sa a ɓoye takalmanka."

"Da takalmi aka ce miki na yi golmo?"

Ta yi kuka, ya yi mata alkawari. Ta sa Ishaya ya kai shi asibiti aka ba shi magani, aka ce ya huta. Ya huta kwana biyu. Daga nan ya mayar wa Kofur injinsa, don ƙararsa na tona asiri, ya sami guntun gungume ya riƙa daɓewa a hankali in Lami ta yi barcin rana. Ishaya ya ce a jira Asabar su yi tare, Asabar ta zo aka kira shi aiki. Ni na sami guntun katako na riƙa bin gefe-gefe a durƙushe, yadda muke daɓen ɗaki a gida.

"Dubi ƙarshena," in ji shi. "Saja guda, na koma aikin mata. Saura ki rera mini waƙar daɓe."

Na ce, "Bar shi haka. Ai tsakuwa ta rufe ƙasa."

"Tsakuwa ba rufi ba ce."

"Ka ce ba ka yarda da maganar ba."

"Aiki na fara, 'Yar Manga. Kin taɓa ganin na bar kunya a rabi a gonar babanki?"

Na ɗaga kai na dubi tagar Lami, na dube shi. Duk wanda na duba, ɗayan sai ya tsaya mini a rai.

Sanyi ya fara sauka. Ganyen itatuwa ya yi ja ya zube. Kofur ya ce nan gaba kaɗan ƙasa za ta daskare, ba a sake aiki sai baɗi. Haihuwa kuma saura wata guda da ɗan abu. A gida lokacin dawa ta nuna, ana shirin yanka. Saja kan zauna a kan tarin duwatsu ya ce ko yaran gida sun kore tsuntsu a gonar gindin dutse. Ni kuwa hayaƙin murhu nake kewa, da muryar maƙwabciya ta kan katanga.

Da aka zo kan yashi, Saja ya kwantar da bututun ƙarfe biyu, ya ja katako a kansu, yashin ya kwanta sumul kamar an lallaɓe tuwo. Ya ɗan karkatar da shi don ruwa ya riƙa gudu nesa da gida. Ya ce kada wanda ya taka. Da safe muka tarar da sawun kofato a kai. Ya shigo daga wajen itatuwa, ya zo tsakiya, ya tsaya. Na zagaya ban ga inda ya fita ba. Kofur ya ce barewa ce, tsalle take yi. Saja ya ɗauki katako ya shafe sawun, bai dube ni ba.

Ya fara jera duwatsun daga gindin bango yana yin gaba, a durƙushe, ni ina miƙo masa. Ya ajiye, ya ƙwanƙwasa da gudumar roba, ya shafa da tafin hannu. Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kullum ramin yana raguwa, kullum shi ma yana raguwa.

Ranar da abin ya faru, Lami ta tashi da ciwon kai, tana cewa tana ganin walƙiya a idonta. Lokaci bai yi ba. Ishaya ya sauko da ita a hannu ya sa a mota. Ya ce mai yiwuwa a yi mata aiki yau, mu zauna kusa da waya. Ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Baba, ka sha maganinka." Ya ɗaga mata hannu.

Motar na shan kwana ya juya ya nufi baya. Saura kusurwa ɗaya, can ƙarshe, inda ramin ya fi zurfi. Wurin ba ya cin cikakken dutse sai an yanka. Ya je ya buga wa Kofur ƙofa, Kofur ya zo da zarton inji. Suna yanka, farar ƙura na tashi tana sauka a kan Saja, gira da gemu da wuya, har ya koma kamar ba shi ba. Na ce ya zo ya ci abinci, bai ji ba. Na ce ya sha magani, ya ce an jima. Dutsen ƙarshe ya ƙi shiga, aka rage, ya sake ƙi, aka sake ragewa. Da ya zauna, Saja ya buga masa guduma, ya daɗe a durƙushe da tafinsa a kai.

Kofur ya sara masa, ya ɗauki zartonsa ya tafi gida. Saja ya jawo buhun yashi mai laushi, wanda ake sharewa cikin tsagogin da ke tsakanin duwatsu don su kama juna, ya miƙo mini tsintsiya, ya yi mini magana. Na fara shara daga gindin bango.

Na yi nisa sai waya ta yi ƙara a cikin gida. Na jefar da tsintsiya na shiga. Ishaya ne.

"Mama, mace ce. 'Yar ƙarama, amma tana kuka. Lami ta farka, tana tambayar Baba."

Na fito ina kiransa. Yana miƙe a kan kusurwar nan da ya gama, hula a fuska, hannu a ƙirji. Na faɗa masa an sami mace. Na matsa kusa na sake faɗa. Na ɗaga hular.

Kofur ne ya kira motar asibiti. Likitoci suka ce zuciya ce, ta daɗe da gajiya, ko a kan gadonsa na Zuru zai iya tafiya. Lami ma haka take cewa har yau, fasto ma haka. Ina jinsu.

'Yan ƙasarmu da ke can suka taru suka taimaka aka dawo da shi. Kafin mu taso na koma bayan gidan na ƙarasa sharar da na bari, tsaga bayan tsaga, Kofur na riƙe mini buhu. A jirgi ni ina sama a kujera, shi yana ƙasa tare da akwatuna. Muka sake sauka a filin nan na Turai, na yi ta duban masu shara, ban ga 'yar Gana ba. A Zuru da safe aka haƙa kabarinsa, kafin la'asar an rufe.

Yarinyar ta girma, tana gudu. Sun aiko da hotonta tana tsaye a kan daɓen, ta ɗora ƙafa ɗaya daidai kusurwar. Ishaya ya ce har yau ko dutse ɗaya bai motsa ba. Suna ta cewa in koma in ga wurin. Ba zan koma ba.

Ba abin da ya rage, Rifkatu, sai maganar da ya yi mini da ya miƙo tsintsiya. Na juya ta ta kowane gefe, ban gane ko magini ne ya yi ta ko uban Lami ba. Ki sa ta a ƙarshe, yadda ya faɗa.

"'Yar Manga, share ki cike duka. Kada ki bar ko ɗaya a buɗe. Ni zan ɗan miƙe bayana."